Hinji ko maɓallin kwata: da me zan ɗaure murfin injin RV-7A?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Aikin jirgin nan ya kawo ni inda nake buƙatar shawara kafin in huda rami ko ɗaya. Ga waɗanda ba su bi labarin tun farko ba, RV-7A, ƙaramin jirgin sama da ake sayen sassansa a haɗa da hannu, nake haɗawa a garejin gidana a nan Amurka, da injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180. Inji ya hau, farfela ta hau, murfin inji na sama da na ƙasa na rage musu baki sun zauna daidai da hular farfela, wato murfin nan mai tsini da ke tsakiyarta. Saura ɗauri.

Zanen Van's, kamfanin da ke yin sassan jirgin, hinji ya ce a sa, dogon nan na alminiyom da ake zura wa waya a tsakiya. Rabi a jikin murfi, rabi a bakin katangar wuta, wato bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin matuƙi, ka zura waya su haɗe. Yana cikin kayan da suka zo mini, ba zan ƙara ko sisi ba. Amma a filin da nake zuwa na ga masu irin jirgin da dama sun bar shi, sun koma maɓallan da ake murɗawa kwata ɗaya su buɗe, Camloc ko Skybolt. Na murfi gaba ɗaya ɗaruruwan daloli ne. Abin da nake so in sani, kuɗin nan tsaro suke saya ko sauƙi kawai? In kuma zan saya, wane iri, kuma a ina da ina zan sa?

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Baban Ilham, Allah ya sa a gama lafiya. Kafin ka raina hinji ka tsaya ka dubi aikin da yake yi. Kowane ido nasa yana ɗaukar ɗan kaya, idanun kuma a jere suke daga wannan baki har wancan, don haka nauyin ya bazu a kan layin duka. Maɓalli wuri ɗaya yake riƙewa, tsakaninsa da ɗan'uwansa babu abin da ke tsaye sai ƙarfin faibar da aka yi murfin da ita. Hinji ba shi da nauyi, daga waje kuma ba ka ganin komai sai siririn layi. Dubban jiragen Van's da shi suke tashi. Jirgin naka ma ba baƙo ba ne gare mu, Air Beetle da aka haɗa a Kaduna don koyar da matuƙan sojan sama daga RV-6A aka samo shi, yayan naka ke nan, guda 60 aka yi oda.

Inda hinji yake ba da kunya wuri biyu ne. Na farko ƙasan murfi, wajen da salansa take fitowa. Can jijjigar inji da bugun iskar farfela suke taruwa, sai ka ga idanun suna karyewa ɗaya bayan ɗaya, in ɗaya ya tafi na kusa da shi ya gaji kayansa. Maganinsa ka sa hinji mai lamba MS20001, wanda idonsa rufaffe ne tun daga masana'anta, ka bar MS20257 da aka naɗe bakinsa kawai, shi idonsa yana iya buɗewa in an ja shi. Na biyu saman katangar wuta, inda layin ya lanƙwasa. Waya ba ta son bin kwana.

Kyaftin:
Baba, ranka ya daɗe, wannan na biyun da ka wuce shi da sauri shi ne maganar gaba ɗaya a wurina. Wayar saman nan ta ƙofar duba mai ake kamo ta. Ka sauka, inji da zafi, ka zura hannu har gwiwa ta wannan ɗan ramin kana laluben bakin waya kusa da bayan silinda. Baban Ilham, ka tuna abin da ke jiranka. FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, za ta ba ka lokacin gwaji kafin ka ɗauki fasinja, yawanci awa 40, kuma a cikinsa kusan duk tashi sai ka buɗe murfi ka duba ko mai yana yoyo, ko wata waya tana gogar wani ƙarfe. Bayan nan ga juyen baƙin mai duk awa 50, ga binciken shekara. Murfin da ke wahalar buɗewa, mai shi yakan ce bari sai gobe. Ni a nan nake ganin tsaron da kuɗin suke saya.

Baba Makanike:
Wanda zai bar duba injinsa saboda waya ta yi masa tauri, da maɓalli ma zai sami wani dalili. Amma na yarda da kai a kan saman, na faɗa da bakina. A gefe biyu inda layi yake miƙe, wayar da aka goge ta aka shafa mata ɗan mai tana fita da ja ɗaya. Maɓalli takwas ko tara na gefe guda ba za su riga ta ba.

Ɗalibin Zariya:
Manyanmu, a yi mini haƙuri in shigo da tambaya. A aji an koya mana maɓallan Dzus da Camloc da Airloc a babi ɗaya, amma na ga babu wanda ya ambaci Dzus a nan. Ba shi ne ainihin na murfin inji ba?

Baba Makanike:
Shi ne kakansu, ɗana. William Dzus, mutumin Yukren da ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1930, kuma jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da shi aka ɗaure murfinsu. Namijinsa, wato ɓangaren da ake murɗawa, yana da tsaga mai murɗiya a ƙasa, macen da yake kamawa kuma waya ce mai tauri da aka lanƙwasa kamar harafin S aka kafe ta da ribit biyu. In ka murɗa, tsagar ta kamo wayar ta jawo ta sama, wayar ce sifirin ɗin. Lambarsa ma tana karantuwa: adadin farko kaurin jiki ne in an raba inci kashi 16, na biyu tsawo in an raba inci kashi 100. In ka ga 5-40, kauri 5/16 ke nan, tsawo 0.40.

Camloc ya juya abin. Sifirin yana jikin namijin, a ƙarshen namijin akwai ɗan tsinke a gicciye, macen kuma gida ne na ƙarfe mai hawa a ciki. Tsinken ya hau hawan ya faɗa gurbinsa. Ba sifirin ke ɗaukar kaya in an ja da ƙarfi ba, ƙarfe ne kan ƙarfe.

Dzus yana da kyau a murfin alminiyom mai kauri ɗaya ko'ina, irin na tsofaffin jiragen Piper. Murfin Baban Ilham na faiba ne, shi ya sa ban kawo shi ba.

Maman Sadiq:
Salamu alaikum. Na jima ina karantawa, bari in sa lissafi a maganar, don aikina ke nan a nan Ingila, gwajin kayan faiba. Mutane suna ɗauka murfin inji iska ce take danne shi daga waje. A'a, daga ciki ake tura shi. Iskar da ta shiga hancinan nan biyu na bayan farfela tana taruwa a saman inji kafin ta bi tsakanin silindoji ta sauka, haka ake sanyaya Lycoming. In babu wani akwati na daban a kan injin, murfin sama shi ne rufin wannan ɗakin iska.

A gudun kilomita 300 a awa kusa da ƙasa, matsin iska ya kai kusan kilo 430 a kan kowace murabba'in mita. Ɗauka filin da ke saman injin 0.4 ne na murabba'in mita, kilo 170 ke nan in an kama matsin duka. Ba a kama shi duka, amma ko kashi biyu cikin uku aka samu an haura kilo 100, yana tura murfin sama. Gudun da aka hana RV-7 wucewa mil 230 ne a awa, wato kilomita 370, matsi kuma da murabba'in gudu yake tashi, sai ka ƙara rabi a kan wancan lissafin.

Abin da wannan yake nufi, namijin maɓallin ba shi ne zai fara gazawa ba. Camloc mai lamba 4002 guda ɗaya yana riƙe abin da ya ninka rabonsa sau da yawa. Faibar da ke kewaye da ramin ita ce abin ji, da kumburin da murfi yake yi tsakanin maɓalli da maɓalli. In ka ba su tazara da yawa za ka ga bakin murfi yana ɗagawa a sama kana cikin tafiya, iskar sanyaya inji tana zurarewa ta nan. Inci uku da rabi zuwa huɗu shi ne abin da aka saba a bakin katangar wuta. Kada a wuce haka don a rage kuɗin maɓalli biyu.

Baban Ilham:
Na gode Hajiya, wannan lissafin ban taɓa yin sa ba. To Camloc mai lamba 2700 fa? Na ga ya fi 4002 ƙanƙanta da araha, kansa kuma yana shafewa da jikin murfi, ya fi kyan gani.

Maman Sadiq:
2600 da 2700 na ƙananan ƙofofi ne, irin ƙofar duba mai ko murfin leƙa wayoyi. Namijin nasu kai tsaye yake zama a ramin allon. 4002 yana da zoben ƙarfe da ake fara sa wa a ramin, a kafe shi ta baya da wani ɗan zobe mai tsaga, sannan namijin ya shiga cikin zoben. A faiba wannan zoben shi ne komai, domin ƙarfe ke gogar ƙarfe, ba ya cin bakin ramin. Ba tare da shi ba, jijjiga za ta mayar maka da rami zagayayye ya koma dogo, za ka fara ganin baƙin gari yana fitowa a bayan kowane maɓalli. Ramin zoben 15/32 ne na inci, babba ne, saboda haka ka bar masa nama sosai daga bakin murfin. Ka kuma duba inda cikon nan mai kama da saƙar zuma da ke tsakanin shimfiɗun faibar murfin ya ƙare. Rami a cikin faiba zalla ake yin sa. In ya faɗa kan saƙar, sai an kwashe ta a wurin an cike da ƙarin faiba.

Abu Gareji:
Ni fa jama'a ina ganin ana tsawaita magana. Mu masu motoci irin maɓallan nan muke sa wa bonet da bamba na motocin tsere, a intanet ana sayar da goma a kuɗin da bai kai na guda biyu na jirgi ba. Siffarsu ɗaya, murɗawarsu ɗaya. Ƙarfe ai ƙarfe ne. Mota ma tana gudun kilomita 250 a awa kuma tana jijjiga fiye da jirgi a kan hanya.

Kyaftin:
Malam Abu, in bonet ya ɓalle sai ka taka birki ka gangara gefen titi. Murfin jirgi mai inji ɗaya a gaban gilashin matuƙi yake. In gefe ɗaya ya saki ya ɗaga, ya rufe maka gaba, ya ɓata sanyaya inji, in ya fita gaba ɗaya kuma wutsiya tana bayansa.

Abu Gareji:
Na ji, amma ba ka amsa ni ba. Ka faɗi abin da zai faru in ya saki, ba ka faɗi dalilin da zai sa ya saki ba. A dokar Amurka ma na ji jirgin da mutum ya haɗa da kansa ba dole ba ne kayansa su zama masu takarda.

Baba Makanike:
Tambayarka tana kan hanya, Abu, kuma gaskiya ne doka ba ta tilasta shi ba, jirgin gwaji ne a wurinsu. Ga dalilin. Duk ƙarfin Camloc yana kan wannan ɗan tsinken gicciye, duk ƙarfin Dzus yana kan wayar S. Abin da ya sa suke aiki shi ne irin ƙarfen da yadda aka gasa shi, wannan kuwa ido ba ya gani. Tsinken da bai gasu ba yana lanƙwashewa a hankali, wanda ya gasu fiye da kima yana karyewa farat ɗaya. Na taɓa karɓar wani ƙullin maɓallai marasa tambari da aka kawo wurin da nake aiki, tsinken wasunsu da filaya kawai yake zamewa daga raminsa. Mun mayar da su. Na motar tsere na gaske, wanda aka san kamfanin da ya yi shi, ba ni da ja da shi, yawancinsu ma Dzus ne ɗin dai. Wanda ba a san mahaifinsa ba shi nake ƙi. Araha ba ta ado.

Abu Gareji:
In dai a kan na bogi ne, mun daidaita. Amma ina nan a kan cewa rabin tsadar sunan jirgi ne.

Maman Sadiq:
Bari in dawo da mu kan abin da nake ganin ya fi sunan kamfani muhimmanci, wato tsawon namiji. Camloc na asali macensa ba ta motsi, don haka namiji ake zaɓa ya dace da kaurin wurin: kaurin murfi, da na leɓen alminiyom da ake kafewa a bakin katangar wuta, wanda macen take kai. Lambobinsa a jere suke, kowace lamba ta fi ta bayanta da inci 0.030, ƙasa da milimita ɗaya ke nan. A allon alminiyom ka auna wuri ɗaya ka yi odar talatin. A faibar da aka shimfiɗa da hannu, wannan ramin da na kusa da shi suna iya bambanta da lamba ɗaya ko biyu. Ka ƙara filar da za ka shafa don gyara baki, ka ƙara fenti. Mutum ya saita komai daidai, jirgi ya dawo daga wurin fenti rabin maɓallan sun ƙi kulluwa.

Namijin da ya yi gajere ya fi ba ni tsoro. Za ka danna da ƙarfi ka murɗa, ya tsaya, ka ɗauka ya kulle, alhali tsinken yana tsakiyar hawa bai faɗa gurbinsa ba. Jijjiga kaɗan za ta mayar da shi baya. Wanda ya yi tsawo yana kullewa amma murfin yana wasa a ƙarƙashinsa, ya ci zoben ya ci ramin.

Abin da kamfanonin Skybolt da MilSpec suka kawo shi ne mace mai saiti. Cikinta zare ne, kana murɗa shi ya shiga ko ya fito har kan namijin ya shafe daidai, sannan ka kulle saitin. Namiji lamba ɗaya ya wadatar da kusan duk murfin. A ganina, ga mai murfin faiba, wannan kaɗai ya isa dalilin biyan bambancin kuɗin.

Baba Makanike:
A nan ba ni da ta cewa, Hajiya ta yi gaskiya. Zancen tsawo da kauri ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibinmu, ko an ba ku labarin jirgin British Airways 5390?

Ɗalibin Zariya:
An ba mu, Baba, a darasin kuskuren ɗan Adam. Ranar 10 ga Yuni 1990, jirgi ƙirar BAC 1-11 da ya tashi daga Birmingham. Gilashin gaban ya fita a sama, iska ta ja kyaftin ɗin rabin jikinsa a waje, ma'aikata suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka a Southampton, kuma ya rayu. Cikin notuna 90 da aka ɗaure gilashin da su, 84 sun gaza kauri da inci 0.026, sauran 6 kuma sun gaza tsawo.

Baba Makanike:
Allah ya yi maka albarka. Ka lura da adadin, 0.026. Bai kai tazarar lamba ɗaya ta Camloc ba. Wanda ya ɗaura su da ido ya gwada tsohon noti da sabo, ya ga sun yi kama. Shi ya sa in kana amfani da namiji masu lamba daban-daban, ranar da ka cire su duka don wanki ko fenti, ka jera su a kwali ka rubuta ramin kowanne.

Kyaftin:
Ni kuma bari in kawo nawa ɓangaren, na wanda yake zagaya jirgi kafin tashi. Tambayar da nake yi wa kowane irin ɗauri ita ce: in ba a kulle shi ba, zan gani daga inda nake tsaye? A watan Mayu 2013 wani Airbus A319 ya tashi daga Heathrow zai tafi Oslo, ƙofofin murfin injinansa biyu duka suka ɓalle a lokacin tashi, saboda an bar makullansu a buɗe bayan aikin dare. Ɓaraguzan suka huda bututun mai, injin dama ya kama wuta, Allah ya kiyaye suka dawo suka sauka. Makullan a ƙarƙashin inji suke, sai ka durƙusa kake ganinsu, kuma ƙofar tana zama kamar a rufe. Mutum fiye da ɗaya ya zagaya jirgin nan bai gani ba.

Camloc in ba a kulle ba sifirinsa yana turo kan waje, ya yi tsini a jikin murfi, ko da gefen ido za ka tsinkaye shi, in ka shafa hannu kuma ya tsaya maka. Dzus na gargajiya ba ya yin haka, yana iya kwanciya lafiya alhali a buɗe yake, sai dai ka karanta tsagar kansa. Shi ya sa ake jera tsagogin duka su kalli gefe ɗaya in an kulle. Wayar hinji kuma in ka manta ba ka zura ta sama ba, daga waje murfin yana nan zaune kamar komai lafiya.

Ɗalibin Zariya:
Yallaɓai, to kan da ya fi, mai tsaga ɗaya ko mai gicciye?

Kyaftin:
Mai gicciye in ka juya shi kwata, yadda yake haka yake, ba ka karanta komai a kansa. Mai tsaga ɗaya yana nuna maka. Amma sukurudireba ta fi zamewa a mai tsaga ɗaya ta karce fenti. A Dzus ban yarda da komai ba sai mai tsaga ɗaya. A Camloc, tunda kan yana fitowa da kansa, mai gicciye ya yi.

Baba Makanike:
Maganar manta waya, Kyaftin, tana da magani. Ana lanƙwasa bakin wayar a kafe shi da sukuru ko ƙugiya a inda ido yake gani. Na gefe ma dole ne a kafe su, domin waya tana tafiya da jijjiga, in ta yi gaba farfela za ta tarar. Kuma kada a mayar da maɓalli kamar ba ya da nasa aibin. Yana tara datti. Mu nan lokacin hunturu ƙura tana shiga cikin macen ta haɗu da mai ta zama kamar yashi, ka ji yana ƙara in ka murɗa, yana cin hawan a hankali. Sai an riƙa wankewa ana sa busasshen man shafawa. Ga nauyi. Maɓalli talatin da macensu da leɓen alminiyom, duk a can gaba suke, a jirgin da ƙafar hancinsa, wato ta tayar gaba, ba ta son ƙarin kaya.

Baban Ilham:
Baba, leɓen nan nake so a yi mini bayani. Wane kauri? Kuma na ga wasu suna yanka shi haƙora-haƙora.

Baba Makanike:
Alminiyom mai lamba 2024-T3, kauri inci 0.050 ko 0.063. Ana yi masa haƙoran ne saboda katangar wuta a lanƙwashe take, murfin kuma yana tsukewa zuwa gaba, to kowane haƙori sai ka ɗan karkata shi ya kwanta a bayan faibar daidai. In bai kwanta ba maɓallin ne zai riƙa jawo shi kullum, wata rana ya tsage. Kwarin da ke tsakanin haƙora a zagaye za ka yi shi, ka goge shi sumul, kusurwa mai kaifi nan tsaga take farawa. Ka kuma lura da ɗan shimfiɗin da za ka sa tsakanin leɓen da fatar jirgi, don saman murfi ya zo daidai da saman fata.

Maman Sadiq:
In ƙara a kan na Baba. A inda layin ya fi lanƙwasa, wajen kafaɗun murfin, maza ba sa kallon gefe ɗaya, kowanne yana kallon tsakiyar da'ira. In ka ɗora murfin daga sama, na kafaɗa ba za su shiga macensu a miƙe ba. Akwai mace mai ɗan wasa a cikin gidanta, ita ake sa wa a irin wurin. Amma ban so a sa mai wasa ko'ina, domin wasu daga cikin maɓallan su ne suke tsayar da murfin kada ya zame gaba ko gefe. Sannan in wani ya shawarce ka ka ƙarfafa bakin da zaren kabon, ka tuna kabon da alminiyom in suka haɗu da danshi alminiyom ne yake ruɓewa. Sai ka sa shimfiɗar faiba ta gilashi a tsakaninsu.

Kyaftin:
Ni da jirgina ne, maɓalli zan sa ko'ina, har gefe. Hanya ɗaya ta buɗewa, sukurudireba ɗaya a aljihu, duk abin da bai kulle ba yana tsaye a fili.

Baba Makanike:
Ka gwada ɗora murfin sama kai kaɗai da maza ashirin da wani abu suna lilo a jikinsa, kowanne yana neman fentin da zai karta. A gefe hinji yana ba murfin ƙarfi kamar ƙashi, yana hana shi buɗe ciki tsakanin rabin sama da na ƙasa. Wannan ba zan sauka daga kansa ba.

Maman Sadiq:
A kan gefe ina bayan Baba. Layin miƙe ne, kaya kuma ja ne daga sama zuwa ƙasa a tsawon layin, aikin da hinji ya fi iyawa ke nan. In za ka kafe shi a faiba, ka huda 'yan ramuka a jikin hinjin, ka shafa gam ɗin efoksi da aka kauraro da garin auduga, sannan ribit mai laushi. Ribit mai tauri yana farfasa faiba wajen matsawa.

Baban Ilham:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya. Saman katangar wuta daga kafaɗa zuwa kafaɗa, irin 4002 masu mace mai saiti, tazara ba ta wuce inci huɗu ba, masu wasa a kafaɗu kawai. Gefe biyu inda sama da ƙasa suke haɗuwa, hinji, da bakin waya a kafe a inda zan gan shi. Gefen murfin ƙasa a jikin katanga shi ma hinji, tunda a miƙe yake. Bayan hular farfela sukuru da notin da ake kafewa da ribit kamar yadda zane ya ce. Ƙofar mai 2700 guda biyu. Abin da ya rage mini shi ne ƙasa, gefen ƙafar hanci da salansa. Hinji MS20001 ko maɓalli?

Baba Makanike:
Wurin gajere ne kuma shi ya fi shan wahala. Ni farantin alminiyom 0.063 zan sa da sukuru lamba 8 da washa mai faɗi, biyu ko uku kowane gefe. Murfin ƙasa ba kullum ake cire shi ba, minti biyun da za ka ƙara ba asara ba ne. In ka fi son maɓalli, to 4002 ɗin dai, kuma ka tabbatar babu roba a jikin macen, don zafin salansa yana nan kusa.

Kyaftin:
A ƙasan ban ja da Baba ba, sukuru ya yi. Sai dai ka sa shi cikin takardar dubawarka kafin tashi, tunda sai ka durƙusa za ka gan shi.

Maman Sadiq:
Tsarin aiki kuma, Baban Ilham. Kada ka huda ramin 15/32 tun farko. Ka fara da ƙananan ramuka ka riƙe murfin da kiliko, wato 'yan ƙarafan riƙon wucin gadi da ake zurawa a rami, daga tsakiyar sama kana sauka gefe da gefe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kana duba tazarar hular farfela bayan kowane biyu. Inji yana ɗan sauka a kan robobinsa bayan ya fara aiki, don haka ka bar hular ta ɗan fi murfin tsawo kaɗan a yanzu. In duka sun zauna sai ka faɗaɗa ramukan ɗaya bayan ɗaya da bakin diril mai matakala, ka shafa ɗan efoksi a bakin kowane rami ya toshe zaren. Saitin macen kuma ka bar shi a buɗe, ko ka shirya sake shi, har jirgin ya dawo daga fenti.

Baban Ilham:
Na rubuta duka. Yau da dare zan auna kaurin bakin murfin a kowane wurin da rami zai faɗa in turo muku adadin, don mu ga ko zobe iri ɗaya zai yi ko sai na haɗa da mai tsawo a wajen kafaɗu kafin in yi oda.